Katalizar Nissan 350Z ta mutu: a fasa ta ko a sa sabuwa?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Yantala, nan Yamai, ya aiko da tambaya kan motarsa Nissan 350Z ƙirar 2005 da aka shigo da ita daga Amurka. Ya ce fitilar inji ta kama ta ƙi mutuwa, an sa baliz, wato na'urar da ke karanta lambobin cuta daga ƙwaƙwalwar mota, ta nuna P0420 da P0430, motar ba ta ja kamar da in ya taka totur, kuma yana jin kwaram-kwaram a ƙarƙashinta in ya tada ta da safe. Makanikinsa ya ce kataliza, wato na'urar da ke rage gubar hayaƙi a bututun salansa, ita ce ta mutu, a kwance ta a fasa abin da ke ciki a zubar, a maida kwankon. Tambayarsa ita ce ko ya yarda da hakan, ko ya sayi sabuwa, in kuma sabuwa ce wace iri.

Ɗan'uwa, kada ka yarda a fasa, kuma kada ka yi gaggawar fidda kuɗin sabuwa. Kataliza ba ta da abin da ke juyawa ko gogar wani a cikinta, don haka da wuya ta mutu haka kawai. Yawanci wani abu ne daga inji yake kashe ta. In ka ɗaura sabuwa ba ka gano wannan abin ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba, kafin wani bazara ya zagayo za ka sake ganin fitilar nan, kuɗinka kuma sun tafi.

Motarka injin V6 gare ta mai lita 3.5, wanda Nissan ke kira VQ35DE. Silinda uku a dama, uku a hagu, kowane ɓangare da katalizarsa da ke ɗaure da noti a bayan bakin fitar hayaƙi. In ka leƙa cikin lafiyayya za ka ga farin dutse na yumɓu da aka gasa, mai ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma, ɗaruruwa a fili kamar faɗin babban ɗan yatsa. An shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom. Hayaƙi in ya ratsa ta wurin yana da zafi, sai gubar CO, wato iskar kabon monoksaid, da ragowar esansin da bai ƙone ba da gubar nitrojin su koma iskar da ba ta da wannan cutarwa, da tururin ruwa. Aikin ba ya farawa sai dutsen ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, kuma ya fi jin daɗi tsakanin 400 da 800. Shi ya sa ake manna ta kusa da inji. Tun 1975 motocin Amurka ke ɗauke da ita, Turai kuma ta wajabta ta da dokar Euro 1 a farkon shekarun 1990.

Lambobin da baliz ta ba ka ba su ce kataliza ta fashe ko ta toshe ba. Abin da suka ce shi ne ƙwaƙwalwar motar ta kwatanta sondar gaba da sondar baya, wato ma'aunan hayaƙi da ke gaban kataliza da bayanta, ta ga hayaƙin da ke fita bai bambanta sosai da wanda ya shiga ba. P0420 na ɓangaren farko ne, na dama in kana zaune a kujerar direba, inda silinda 1 da 3 da 5 suke. P0430 na ɗaya ɓangaren ne. Abin da ya fi jan hankalina a tambayarka shi ne zuwansu tare. Da guda ce, da sai in ce a duba bobin mai ba buji wuta ko injekta mai fesa mai guda ɗaya a ɓangaren. Amma biyu a lokaci guda na nuna wani abu da suka yi tarayya a kai: man da kake sha, ma'aunin iskar da ke shiga inji, baƙin mai da injin ke ƙonawa, ko kuwa wani ya riga ya kwashe cikinsu tun kafin motar ta zo hannunka. Wannan na ƙarshe yana faruwa. Mota takan sauka a tashar jirgin ruwa ta yi makonni, ta bi hannaye da yawa kafin ta iso Yamai, kuma akwai masu sayen garin kataliza ko'ina a hanya. In ka ga layin walda sabo a jikin kwankon, inda kamfani ba ya yin walda, to an taɓa buɗe ta. Fitilar kuma ana iya goge ta da baliz ranar ciniki, ta yi kwanaki kafin ta dawo.

Saboda haka a fara da bincike, kuma kada a bari kowa ya goge lambobin kafin a rubuta su duka. Ka ce a duba ko akwai P0300 ko P0301 zuwa P0306, waɗanda ke nuna silinda na ɓata wuta, ko P0172 da P0175 masu nuna mai ya yi yawa, ko P0171 da P0174 masu nuna ya yi kaɗan. Sannan a bar inji ya yi zafi sosai, a riƙe shi a juyi 2,500 a minti, a kalli sondar baya a fuskar baliz. In kataliza na da rai, layin yakan tsaya kusan wuri ɗaya, wajen bolt 0.6 zuwa 0.8. In yana hawa da sauka da sauri tsakanin 0.1 da 0.9, ba ta aiki. Kafin a yanke mata hukunci a tabbatar babu huda ko juwan, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗa, da ya ƙone tsakanin sondojin biyu, domin ƴar iska kaɗan da ke shiga ta nan tana iya kawo lambar nan alhali kataliza lafiyarta lau.

Rashin jan da ka ambata yana da nasa gwajin. A cire sondar gaba, a ɗaura ma'aunin matsin iska a raminta. In inji na aiki ba a taka totur ba, bai kamata ya wuce bar 0.1 ba, a juyi 2,500 kuma kada ya wuce wajen 0.2. In allurar ta ci gaba da hawa, hanya ta toshe. Ta ramin sonda kuma ana iya zura ƴar kamarar nan mai igiya da ake haɗawa da waya, a ga dutsen ido da ido. Wannan kamarar ba ta da tsada, kuma a ganina duk garajin da ke taɓa motoci irin taka ya kamata ya mallake ta.

Abin da idonka zai gani a fuskar dutsen shi zai gaya maka wanda ya kashe ta, don haka ka tsaya a wurin ranar da za a duba. In ramukan sun narke sun haɗe, wuri ya lotsa ya yi ƙyalli, to wuta ce ta ci shi. Esansin da bai ƙone a silinda ba ne ya gangaro ya ƙone a cikin kataliza, zafi ya zarce digiri 1,000 har yumɓun ya sallama. Buji da ya tsufa, bobin da ya raunana, injekta mai ɗiga, su ne masu wannan aikin. A injin VQ akwai abin da nake yawan tararwa: robar da ke kewaye da ramin buji a murfin saman inji takan bushe, baƙin mai ya cika ramin, ka zaro bobin ka ga jelarsa sharkaf da mai, wuta na tsallakewa ta gefe. Mai mota yana jin ɗan rawa-rawa da safe, ya ce ai in ta yi zafi tana dainawa, ya ci gaba da tafiya watanni. A cikin watannin nan ne dutsen ke narkewa. Ka riƙe wannan: in fitilar inji tana ƙiftawa, ba kamawa kawai ta yi ba, motar na gaya maka kataliza na ƙonewa a daidai wannan lokacin. Ka sauka gefen hanya ka kashe.

Akwai ɗabi'u biyu na garajojinmu da suke ƙara wannan ɓarnar, kuma ina roƙon ƴan'uwana masu sana'a mu bar su. Ɗaya ita ce zare wayar bobin ɗaya bayan ɗaya inji na aiki, don a gane wace silinda ce ba ta ci. A tsohuwar Peugeot 504 mai kabureta wannan dabara ce mai kyau, domin ba ta da abin da zai ƙone a baya. A motarka kuwa duk daƙiƙar da wayar ke zare, ɗanyen mai ne ke kwarara kan dutse mai zafi. Baliz na iya kashe injekta ta yi gwajin ba tare da ɓarna ba. Ta biyu ita ce tura mota in batir ya mutu, a yi ta fizga ba ta kama ba, mai na taruwa a bututu. A nemo batir a ɗora waya, ya fi sauƙi.

In kuma dutsen bai narke ba, amma fuskarsa ta rufe da toka fara-fara ko ruwan toka wadda ta like ramukan, to injin na shan baƙin mai. Cikin baƙin mai akwai sinadaran fosforos da zinki da aka sa don kare ƙarfe, in suka ƙone sai su lulluɓe ƙarafan nan uku, hayaƙi ya daina taɓa su. Saboda wannan ne ma aka rage yawan fosforos a baƙin man motocin esansi tun daga matakin inganci na API SM na 2004. Wasu injinan VQ35DE, musamman masu ƙarin ƙarfi na 2005 da 2006, an san su da shan baƙin mai, don haka ka auna naka. Ka cika shi daidai layi, ka rubuta kilomita, ka sake zaro sandar bayan kilomita 1,000. In ya sauka sosai a auna matsin kowace silinda. Kuma ka daina yarda a zuba maka man durom da ake aunawa da gwangwani, wanda ba ka san ko na babbar mota mai gazwal ba ne. Ruwan sanyaya inji ma yana yin irin wannan lahani in juwan kan inji ya fara yoyo zuwa cikin silinda. Alamarsa ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, da farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari. Haka ma gam ɗin silikon da wasu ke lafta wa kowane juwan, in ba wanda aka rubuta bai cutar da sonda ba ne.

Sai batun mai. Dalma, wadda ita ce babbar gubar kataliza, an daina sa ta a esansin ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya da ta bar ta a 2021, don haka wannan ba shi ne damuwarka ba. Damuwarka ita ce man kwalba na bakin hanya. Ban ce duk ƴan ruwa-ruwa na gauraya mai ba, amma man da ya kwana a jarka cikin rana, aka tace shi da tsumma, ba ka da tabbacin ba ruwa ko kananzir ko ƙura a ciki. Littafin motarka yana neman mai mai lamba 91 a lissafin Amurka, kimanin 95 a lissafin Turai. In man ya gaza haka, ƙwaƙwalwa takan jinkirta wuta don kare fistin, hayaƙi kuma ya fito da ƙarin zafi, a watan Afrilu da Mayu da garin kansa ke wuce digiri 40. Ka sha a gidan mai guda da ka yarda da shi. Ƙurar hunturu kuma tana like ma'aunin iska, ya riƙa ba da lissafin ƙarya, mai ya yi yawa a ɓangarorin biyu tare. A wanke shi da ruwan feshinsa na musamman, a canza filtar iska.

In dutsen ya fashe gida-gida amma gutsattsarin tsaf suke, ba narkewa ba toka, to duka ya sha. 350Z a ƙasa take ƙwarai, tudun rage gudu da ramukan hanyoyin jar ƙasa na unguwanni ba su raga mata. Ko kuma an shiga da ita ruwa lokacin damina tana da zafi, kwankon ƙarfe ya tsuke farat ɗaya ya matse yumɓun ya tsage. Ƙarar da kake ji da safe ta fi kama da wannan, ko da dutsen da ya narke ya saki. In mota ta huce, a bubbuga kwankon da gudumar roba, za ka ji gutsattsarin na motsi. Ina ba ka shawara ka ajiye motar har a gyara. Gutsuren na iya juyawa ya toshe hanya gaba ɗaya kana tsakiyar gadar Kennedy, kuma garin yumɓu na iya komawa baya cikin silinda ya kankare bangonta. An ga haka a Toyota MR2 da Nissan Altima mai injin 2.5 na farkon shekarun 2000, inda kataliza ke manne da inji. A taka ba a cika ganinsa kamar a waɗancan ba, amma farashin inji ya isa ya sa mutum ya yi hattara.

Yanzu maganar fasawa. Na san dalilin makanikinka, yana so ya sauƙaƙa maka, kuma gaskiya ne in toshewa ce motar za ta sake ja nan take. Amma ƙarfin da za ka ji naka ne na da ya dawo, ba ƙari aka yi maka ba. Fitila za ta zauna a kunne har abada, ranar da wata cuta ta gaske ta zo ba za ka sani ba. Kwankon da ba komai a ciki yana sa muryar VQ, wadda don ita mutane da yawa ke son motar nan, ta koma kaushi da ɓarɓara. Wasu za su ce a sa ɗan ƙarfe a janye sondar baya daga hayaƙi, ko a shiga ƙwaƙwalwa a kashe lambar. Wannan rufe bakin mai ba da labari ne kawai, hayaƙin na nan yadda yake. Kuma hayaƙin nan mutane ke shaƙarsa. CO ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iska. Mai kabu-kabun da ke tsaye bayanka a danja, da yarinyar da ke tallar ruwa daidai tsayin salansarka, da kai kanka in ka tada mota cikin gida ƙofa a rufe, duk ku ne masu shan ta. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Abin saye kuwa, ta asali daga Nissan ita ce mafi inganci kuma mafi tsada, sau da yawa ninkin-ba-ninkin sauran. In aljihu ya ɗauka, an gama magana. Ta hannu, wadda aka cire daga motar da ta yi hatsari, tana iya yin kyau, amma motar da ta ba ta ita ma ta kusa shekara ashirin ko ta wuce. Kada ka biya sai ka ɗaga ta ka haska tocila ta gefe ɗaya ka ga haske na ratsa ramukan ko'ina, ka girgiza ba ka ji motsi ba, ka duba ba sabuwar walda. Ko da hakan, ido ba ya ganin ko rufin ƙarafan ya mutu, don haka ka yi sharaɗin maidawa in lambar ta dawo.

Abin da na fi ba mutane shawara a kai shi ne sabuwa ta wasu kamfanoni da aka ƙera daidai da motar, mai shiga da noti ba yanka ba walda, irin na MagnaFlow ko Walker ko Bosal. A nan ka kula da shaidar da ke buge a jikinta. Ta Turai tana ɗauke da lambar amincewa ta R103. Ta Amurka iri biyu ce, mai shaidar EPA, hukumar kare muhalli ta ƙasar, da mai shaidar CARB ta jihar Kalifoniya, kuma ta CARB ta fi yawan ƙarafa masu tsada, ta fi daɗewa ba ta tada fitila ba. Wadda ba ta da kowace shaida, mai sheƙi da arha, yawanci rufin cikinta ɗan kaɗan ne, araha kuwa ba ta ado. Akwai kuma ta tsere mai cikin ƙarfe maimakon yumɓu, mai ramuka 200 ko 100 a inci murabba'i inda ta asali ke da 400 ko fiye. Cikin ƙarfe ya fi jure duka da girgiza, abin da ya dace da hanyoyinmu. Mai 200 daga kamfani na ƙwarai irin HJS zan iya yarda da ita. Mai 100 kusan kullum tana dawo da P0420, ka bar wa masu filin tsere. Ka yi oda da lambar shasi mai harufa 17, ka kuma faɗi cewa motar ta Amurka ce. Da iyakar Benin ta rufe a 2023 kayan da ke biyo ruwa sun koma zagayowa ta Lome suna daɗewa, don haka abu mai wannan nauyin gara a sa shi a jirgin sama. In bincike ya nuna ɗaya ce kawai ta sha duka, ɗayar lafiya, a canza ɗaya. In guba ce ko wuta ta ci su, biyun za a canza.

Ranar aiki a bar mota ta huce, a fesa wa notin man sassauta tsatsa tun daren jiya. A 350Z akwai noti na sama a kowane gefe, inda kataliza ke haɗuwa da bakin inji, wanda ba ya kamuwa da kyau daga ƙasa. Ta saman inji ake zuro masa doguwar sanda, kuma shi ne ke karyewa ko kansa ya murje in an yi masa garaje. A sa haƙuri da zafi kaɗan, kada yaro ya hau shi da kurfi da guduma. Sonda da makullinta mai tsaga na lamba 22 ake kwance ta, a fara zare wayarta don kada ta murɗe. Juwan sababbi za a sa. A kwance bututun da ke biye a zazzage shi, domin gutsattsarin tsohon dutse na maƙalewa a can har cikin tukunyar baya, su ci gaba da toshe hanya a ɗora wa sabuwa laifi. Farantan kare zafi da ƙarfen da ke riƙe kataliza duk a maida su, ba ado ba ne. In dole sai an yi walda, a cire kan batir, a bi kibiyar da ke nuna inda hayaƙi ke bi, a kuma ajiye ta daidai inda ta asali take. Sondojin da suka sha toka ko suka yi nauyin amsawa a canza su tare, da buji shida.

Tsofaffin naka ne, ka sa a saka maka su a but kafin ka biya kuɗin aiki. Ko matacciya tana da kuɗi, domin ƙarafan na nan a jikin yumɓun. Rodiyom, wanda mafi yawansa daga Afirka ta Kudu yake fitowa, ya kusa dala 30,000 kowane oza a watan Maris na 2021. Farashin ya sauko sosai daga baya, amma har yanzu masu saye na bi garaji-garaji. Da lambar da ke jikin kwankon suke sa farashi, don haka kada a fasa, ka kai ta yadda take ka tambayi mutum biyu ko uku. Abin da ka samu zai rage maka wani abu daga kuɗin sabuwa.

Bayan an ɗaura, a goge lambobin, a sa baliz ta sake koya wa inji juyin da yake yi in ba a taka totur ba, a bar shi ya yi zafi a hankali, a riƙe shi a juyi 2,500 kamar minti biyu, a kashe ya huce, don abin da ke naɗe da dutsen ya kumbura ya riƙe shi. Rashin ganin fitila a ranar ba shaida ba ce, domin ƙwaƙwalwa ba ta gwada kataliza sai an yi tafiya mai ɗorewa. Ka hau hanyar Doso da ita, ka riƙe kilomita 80 zuwa 100 a awa na kamar minti goma sha biyar, ka maimaita washegari. Sannan ka koma garaji a duba ko gwajin kataliza ya nuna ya kammala, layin sondar baya ya kwanta, gyaran man da ƙwaƙwalwa ke yi kuma bai wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba a ɓangarorin biyu. In ya wuce haka a ɓangare ɗaya, a koma kan injekta da bobin na wannan gefen tun kafin ka ci gaba da hawa.